Jagorar Shan Ruwa a Wurin Shaƙatawa Ranar da Ake Tsananin Zafi

Wanda ya shiga babban wurin shaƙatawa da safe, irin wanda ake hawa lilo da jiragen wasa masu gudu kan dogo, ba kasafai yake fitowa ba sai bayan awa takwas ko goma. A tsakanin nan zai iya taka kilomita 10 ko fiye da ƙafa, yawanci kan kwalta da siminti waɗanda ke shan rana su mayar wa mutum da zafinta daga ƙasa, sauran lokacin kuma yana tsaye a layi. Babban mutum da ke yawo cikin zafi yakan zubar da gumi daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace awa. Da zarar ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa, wato kamar lita 1.2 ga mai kilo 60, sai kasala ta sauko, kai ya fara sara, rai ya riƙa ɓaci ba dalili. Awa biyu na sakaci sun isa su kai mutum nan.

Ruwa dai yana nan a waɗannan wurare, ba wuyar samu yake ba. Abin da ke kayar da mutane shi ne layi. Wanda ya yi minti 40 a tsaye ba zai yarda ya fita neman famfo ya rasa wurinsa ba. Wani kuma da gangan yake ƙin sha don kada fitsari ya matse shi a tsakiyar layi. Ga ɗoki da hayaniya da ke danne ƙishirwa har sai ta yi tsanani. Saboda haka kada a bar shan ruwa a hannun ƙishirwa kaɗai. A ɗaura shi a kan wani abu da ake maimaitawa duk yini, kuma babu abin da ake maimaitawa a wurin nan kamar shiga layi.

Tun kafin a bar masauki

Shirin yana farawa da daddare. Ka sha ruwa daidai da abincin dare, ka yi barci isasshe, ka bar duk abin sha mai sa maye, domin yana sa yawan fitsari ya wayi gari da kai a bushe. Da safe fitsarin farko zai gaya maka inda kake: in ya fito kaɗan kuma ya yi duhu, da bashin ruwa ka tashi.

Masana lafiyar 'yan wasa suna ba da ma'aunin mililita 5 zuwa 7 kan kowane kilo na nauyin jiki, a sha kamar awa huɗu kafin shiga aikin gumi. Ga mai kilo 70 ke nan kusan mililita 350 zuwa 500, wato kofi biyu. Ka sha su a hankali da karin kumallo, ka ƙara rabin kofi daf da shiga ƙofa. Kada ka kwankwaɗi lita guda a tashi ɗaya da nufin ajiya. Jiki ba ya ajiye ruwa haka, ƙoda za ta fitar da ragowar cikin awa ɗaya ko biyu, lokacin kana tsakiyar layin farko. Kuma kada a tsallake karin kumallo. Gishirin da ke cikin abinci shi ke taimaka wa jiki ya riƙe ruwan da aka sha.

Wanda ya zo daga wuri mai sanyi ya sani cewa jiki na bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafi sosai. Kwanaki biyun farko su ne mafi haɗari, don haka ranar farko ta zama gajera.

Abin da za a zuba a jaka

Kowa da gorarsa, har yara. Gora ɗaya ga iyali guda kuskure ne: takan ƙare a hannun mutum biyu, kuma ba za a san wanda ya sha da wanda bai sha ba. Mai cin mililita 600 zuwa 750 ta fi dacewa da babba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce a kafaɗa, don haka babu amfanin ɗaukar ruwan yini gaba ɗaya; a ɗauki abin da za a iya sake cikawa.

Gorar ƙarfe mai bango biyu, irin ta fulas, tana riƙe sanyi awanni da yawa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mutane, musamman yara, sun fi shan ruwa in yana da sanyi. Mai bakin faɗi ta fi, saboda ƙanƙara za ta shiga. In robar ruwa ce kake da ita, ka cika ta kashi uku cikin huɗu ka sa a firiza da daddare. Kada ka cika ta taf, ruwa yana kumbura in ya daskare, zai fasa ta. Da safe ka ƙarasa cika ta da ruwa don a sami abin sha nan take, sauran ya riƙa narkewa a hankali. Ka naɗe ta da ƙaramin tawul, kada raɓarta ta jiƙa waya, tawul ɗin kuma ya yi amfani wajen goge wuya.

Sai fakiti biyu ko uku na garin gishiri da sukari da ake sayarwa a kantin magani, da ɗan abin taɓawa mai gishiri kamar biskit ko gyaɗa, da hula mai faɗin baki, da man kare fata daga rana. Tufafi su zama marasa nauyi, masu haske, sakakku, waɗanda iska ke ratsawa.

Ka duba dokar wurin tun kafin ka je, domin kowane da tasa. Kusan ko'ina an hana kwalbar gilashi. Wuraren shaƙatawa na kamfanin Disney a Amurka, alal misali, suna barin a shiga da gorar ruwa da abinci, amma tun shekarar 2019 sun hana shiga da ƙanƙara a warwatse cikin kula, sai dai fakitin sanyi da ake daskarewa. A can ɗin kuma, in ka je kantin abinci na tsaye ka nemi kofin ruwan ƙanƙara, za a ba ka kyauta. Wasu wuraren ba sa barin a shiga da komai sai gora wadda babu komai ciki, wasu sukan yi sassauci ga mai jariri ko mai larurar lafiya. Tambaya ɗaya a bakin ƙofa ta wadatar: ina ake cika gora?

Yadda za a sha a cikin wurin

Da shigarka, ka ɗauki taswirar wurin ko ka buɗe manhajarsu, ka gano abu uku: famfunan cika gora, banɗakuna, da ɗakin agajin gaggawa. Minti biyar ne, amma a nan ne ake yin sa, ba lokacin da wani ya fara jin jiri ba.

Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana shawartar masu aiki cikin zafi su sha kofi ɗaya, kimanin mililita 240, duk bayan minti 15 zuwa 20, kuma kada su wuce kimanin lita 1.4 a awa. Mai yawon shaƙatawa bai kai lebura wahala ba, yana samun zama da inuwa, don haka rabin lita zuwa mililita 750 a awa ya ishi yawancin manya lokacin da rana ta take, a rage da safe da yamma. A sauƙaƙe: gorarka ta ƙare sau ɗaya a kowace awa ko awa ɗaya da rabi. In la'asar ta yi kana kan cikawa ta biyu, kana baya ƙwarai.

Ba wanda ke yawo da kofin awo. Kurɓin babba ɗaya mai kyau ya kai mililita 25 zuwa 30, don haka kurɓi takwas zuwa goma kofi guda ne. Ga tsarin da ya fi aiki. Kafin a shiga kowane layi, a biya banɗaki, ko da ba a matse ba, a cika gora. Da an tsaya a layi, kowa ya yi kurɓi takwas. In layin ya wuce minti 20, a sake. Da ya rage kamar minti goma a hau, a dakata da sha mai yawa, a tsaya kan jiƙa maƙogwaro, domin ciki cike da ruwa a kan jirgin da ke juyi da kifewa tashin zuciya yake kawowa. Da an sauko, a sake sha kafin a fara gardamar inda za a nufa.

Wannan biyawa banɗaki kafin layi shi ne ginshiƙin tsarin, domin shi ke cire tsoron da ke hana mutane sha. Kuma a can ne za ka ga sakamako. Fitsari mai ruwan ɗorawa mai haske, ana yin sa duk bayan awa biyu zuwa huɗu, alama ce ta ana kan hanya. In ya yi duhu, ya yi kaɗan, yana wari, ka ƙara. In ya fito fari tas kamar ruwan famfo kuma kana komawa duk rabin awa, ka wuce gona da iri, ka sassauta. Sai dai a lura: ƙwayoyin bitamin B suna sa fitsari ya yi rawaya shar ko da jiki na da ruwa, don haka mai shan su ya fi dogara da yawan fitsarin da tazararsa.

Manyan jiragen gudu da yawa ba sa barin a hau da jaka. Sai an kulle ta a akwatin ajiya tun kafin shiga layi. Nan ne mutane ke yin awa guda ba ruwa ba tare da sun ankara ba. Ka tambayi ma'aikaci a bakin layi ko ana iya riƙe gora har wurin hawa. In ba a yarda ba, ka sha kofi ɗaya da rabi kafin ka kulle jakar, kuma ka bar irin wannan layin zuwa safiya ko bayan rana ta yi sanyi. Akwai dalili na biyu: lokacin da jirgi ya yi kwana da ƙarfi, jini yana gangarawa ƙafafu, kuma wanda ruwan jikinsa ya ragu ya fi saurin ganin duhu-duhu ko ma ya suma na ɗan lokaci. Wanda ya ji jiri yana tsaye a layi, kada ya hau.

Ɓangaren wasan ruwa yana da nasa ruɗin. Jiki a jiƙe, ana jin sanyi, ba a ganin gumi, amma ana zubar da shi, ga rana tana duka kai tsaye. A ajiye gora kusa da tawul, a sha duk lokacin da aka fito daga ruwa.

Batun gishiri

Gumi ba ruwa zalla ba ne. Kowace lita tana fita da sinadarin sodiyam kusan giram ɗaya, wasu ƙasa da haka, wasu ninki biyu. Wanda ke ganin farin zane a hularsa ko rigarsa bayan gumi ya bushe yana cikin masu zubar da gishiri da yawa. In mutum ya yini yana zubar da gumi yana mayarwa da ruwa zalla, bai ci komai ba, gishirin jininsa zai iya tsinkewa. Alamomin farko su ne ciwon kai, tashin zuciya, kumburin ciki, yatsu su kumbura har zobe ya matse. In ya yi tsanani sai ruɗewa da farfaɗiya. Haɗarin shi ne alamomin sun yi kama da na ƙarancin ruwa, sai a ƙara ɗura wa mutum ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Tambayar da ke raba su ita ce: nawa ya sha, kuma yaushe ya ci abinci? Wanda ya sha lita biyar tun safe bai sa komai a ciki ba, ba ruwa yake bukata ba, ɗakin agaji yake bukata.

Ga yawancin mutane maganin mai sauƙi ne: a ci abincin rana na sosai, a riƙa taɓa abu mai gishiri duk awa biyu ko uku. Mai yawan gumi ya mayar da gora ɗaya cikin uku ta zama ruwan gishiri da sukari. A bi abin da aka rubuta a jikin fakitin sau da ƙafa: in an ce a lita ɗaya, kada a zuba shi duka a gorar rabin lita, zai yi kauri ya jawo ruwa zuwa hanji maimakon ya shigar da shi jini. In babu fakiti, sanannen haɗin gida shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi a shafe. Bai kamata ya fi hawaye gishiri ba.

Abin da ake sayarwa a rumfuna

Lemon kwalba yana da sukari kusan kashi 10 cikin ɗari, gwangwani mai mililita 330 kimanin giram 35. Irin wannan kaurin yana jinkirta fitar ruwa daga tumbi, ga shi ba shi da gishirin kirki. A sha don marmari, a bi shi da ruwa, amma kada a lissafa shi cikin ma'auni. Daskararren lemo mai launi da askirim haka suke. Kofi ɗaya ko biyu na shayi ko gahawa ba sa busar da wanda ya saba da su, amma abin sha mai ƙara kuzari yana haɗa kafeyin mai yawa da sukari, yana sa zuciya bugawa da sauri a lokacin da zafi ya riga ya ɗora mata aiki. Yara kam kada su kusance shi. Giya ita ce mafi muni: tana ƙara fitsari, tana kuma dushe hankalin da zai gane alamun haɗari. Kankana, lemu da kokwamba kuwa yawancinsu ruwa ne, duk inda aka gan su a saya.

Yara, tsofaffi da masu larura

Yaro ba zai ce yana jin ƙishirwa ba in yana kallon lilo. Kada a tambaye shi ko zai sha. A miƙa masa gora a tsaya har ya sha. Likitocin yara na Amurka sun ba da ma'aunin mililita 100 zuwa 250 duk minti 20 ga 'yan shekara 9 zuwa 12 masu motsa jiki cikin zafi. Ƙanana kuwa kurɓi huɗu ko biyar akai-akai. Rigima ba gaira ba dalili, jan fuska, ko yaron da ya yi tsit bayan yana ta tsalle, duk a fara duba ruwa da inuwa kafin a yi faɗa.

Jaririn da bai kai wata shida ba ba a ba shi ruwa, komai zafi; nono ko madararsa za a ƙara yawan bayarwa, uwar kuma ta ƙara nata shan. Daga wata shida zuwa shekara, ɗan kurɓi tsakanin abinci, jimillar rabin kofi zuwa kofi ɗaya a yini. Ma'aunin jariri shi ne kunzugunsa: in ya yi awa shida a bushe, ko yana kuka ba hawaye, ko maɗigarsa ta lotsa, a nemi likita nan take. Wani kuskure da ake yawan yi da kyakkyawar niyya shi ne lulluɓe keken jariri da zane don a kare shi daga rana. Zanen yana toshe iska, zafin ciki ya fi na waje. A yi amfani da rumfar keken ko laima, gefe a buɗe, a riƙa taɓa bayan wuyan yaron.

Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri kamar matasa, su ma a riƙa miƙa musu. Mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari, mai ciwon sukari, da mace mai ciki suna bukatar ƙarin lura. Amma wanda likita ya ƙayyade wa ruwa ko gishiri saboda ciwon zuciya ko ƙoda, ma'aunan da ke sama ba nasa ba ne. Ya tambayi likitansa kafin tafiya, ya kuma dogara da inuwa da hutu fiye da gora.

Rage gumin ma hanya ce

Duk ruwan da ba ka zubar ba, ba sai ka mayar ba. A zo da sassafe a gama da layukan da ke fili kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Daga sha biyu zuwa huɗu na yamma a koma wasannin cikin gini, dakunan kallo masu na'urar sanyaya ɗaki, da cin abinci a zaune; wanda masaukinsa ke kusa ya koma ya huta ya dawo da yamma. A ranar da iska ke da laima sosai, gumi ba ya bushewa, yana tsiyaya ne kawai ba tare da ya sanyaya jiki ba, don haka ruwa kaɗai ba zai wadatar ba, dole sai an haɗa da inuwa da jiƙa wuya da hannaye. Man kare fata a sake shafawa duk awa biyu, domin fatar da rana ta ƙona ba ta sanyaya jiki yadda ya kamata.

In abu ya fara ɓaci

Galabaitar zafi tana zuwa da gumi sharkaf, fata ta yi sanyi da danshi, jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar tsokar ƙafa ko ciki, da bugun zuciya da sauri. A fita daga layi nan take, a kai shi inuwa ko ɗaki mai sanyi, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita. A ba shi ruwa mai sanyi ko ruwan gishiri da sukari kurɓi-kurɓi. In bai farfaɗo cikin minti 30 ba, ko yana amai, a kira ma'aikatan lafiya. Ko ya warware, wasan ranar ya ƙare gare shi.

Bugun zafi kuwa rai yake ɗauka. Zafin jiki yakan kai digiri 40 ko fiye, kuma babbar alamarsa a hankali take: mutum ya ruɗe, yana magana ba kan gado, yana tangaɗi, ya suma ko ya fara jijjiga. Fata na iya zama a bushe ko a jiƙe, kada a jira gumi ya tsaya kafin a yarda. A tare ma'aikaci mafi kusa, yawancinsu na da rediyon kiran agaji, sun fi ka sanin hanya. Kafin su iso a fara sanyaya shi da duk abin da ke hannu: a kwarara masa ruwan sanyi, a sa ƙanƙara a wuya, hammata da matsematsi, a yi ta fifita. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, kada a ɓata lokaci a kansa.

Bayan an fito

Kusan kowa yakan koma masauki da ɗan bashin ruwa, kuma in gobe ma za a koma, bashin taruwa yake. Wanda ke da sikeli ya auna kansa safe da yamma: kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce, a mayar da lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi a kansa, a hankali cikin awa biyu zuwa huɗu, tare da abincin dare mai ɗan gishiri. A wanke gorori da sabulu, har murfi da bakin tsotsa, musamman waɗanda aka zuba ruwan sukari, a shanya su. Ragowar haɗin gishiri da sukari da ya kwana a zubar. A sa na gobe a firiza. In fitsarin safe ya sake fitowa da duhu, ko wani ya tashi da ciwon kai, a jinkirta fita, a mayar da ranar ta rabin yini.